Koyar da Tarihin Amurka ta Fuskar 'Yan Asalin Ƙasar: Abin da Harshen Malami Yake Bayyanawa

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata hanya ta koyar da tarihin Amurka wadda ta yi ƙarfi a makarantun wasu jihohin ƙasar tun daga wajen 1990, watau koyar da shi ta fuskar al'ummomin da Turawa suka tarar a can. Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa sashen nazarin Hausa da wannan batu? Amsa ita ce, yawancin gardamar da ake yi a kan wannan hanya gardama ce a kan kalmomi: wane suna za a kira mutane da shi, wane fi'ili za a zaɓa, wa za a ambata a matsayin mai aikata abu, wa kuma za a bari a ɓoye. Wannan kuwa aikin mai nazarin harshe ne. Bugu da ƙari, malamin kwalejin horon malamai a ƙasar Hausa, ko da littafin da ke hannunsa na Turanci ne, sau da yawa da Hausa yake warware wa ɗalibai abin da ya shige musu duhu. Hausa kuwa, kamar yadda za mu gani, tana da ɗabi'ar tona inda mai magana ya tsaya.

Abin da takardar za ta nuna shi ne, kowane labarin tarihi daga wani wuri ake ba da shi, kuma tun kafin malami ya kawo shekara ko adadi, kalmominsa sun riga sun zaɓar wa yaro inda zai tsaya ya yi kallo. A nan za mu riƙa kiran al'ummomin da ake magana a kansu 'yan asalin ƙasa, ko 'yan asali a taƙaice.

2. Zuwa da tafiya

A Hausa da wuya a ba da labarin tafiya ba tare da an nuna inda mai magana yake ba. Muna da je da zo, kai da kawo, koma da komo, tafi da taho, saya da sayo. Wasalin -o da ke ƙarshen fi'ili yana jawo aikin zuwa wajen mai magana. Shi ya sa idan muna labarin faɗuwar Kano a watan Fabrairu na 1903, da ta Sakkwato a watan Maris, da yaƙin Burmi a watan Yuli, mukan ce zuwan Turawa, domin a nan muke tsaye, su ne suka zo. Su kuwa hafsoshin Ingila, a rahotanninsu kalmar da suka fi so ita ce mai ma'anar kwantar da hankalin ƙasa. Abu ɗaya ne ya auku, amma matsayin masu ba da labari ya bambanta.

To, a dubi jimlar da yara da yawa suka haddace: Kolumbus ya gano Amurka a 1492. Fi'ilin gano daga gani yake, an ƙara masa wasalin nan -o, watau an je an gani an komo da labari. Ina aka komo da shi? Ƙasar Sifen. Saboda haka duk wanda ya furta jimlar ya riga ya tsaya a Turai. A ranar 12 ga Oktoba, 1492, jiragen Kolumbus uku sun isa wani tsibiri na Bahamas wanda mazaunansa, mutanen Taino, suke kira Guanahani, shi kuwa ya raɗa masa San Salvador. Da a ce ɗan Taino ne zai ba da labarin da Hausa, cewa zai yi wasu baƙi sun zo cikin jirage uku. Masanin tarihi Daniel Richter ya gina wani littafi nasa na 2001 a kan wannan tunani, ya nemi mai karatu ya tsaya a gaɓar teku ya fuskanci gabas, ya ga jiragen suna tahowa.

Kada a ɗauka wannan wasa da kalmomi ne kawai. A 1823 Kotun Ƙolin Amurka, a ƙarƙashin alƙalin alƙalai John Marshall, ta yanke hukunci cewa ganowar da Turawa suka yi ita ta ba su mallakar ƙasa, 'yan asali kuwa haƙƙin zama a kanta kaɗai ya rage musu, kuma ba su da ikon sayar da ita ga kowa sai gwamnati. Fi'ili guda ya zama tushen dokar ƙasa. Sai a watan Maris na 2023 fadar Paparoma ta fito fili ta yi watsi da wannan aƙida ta ganowa, wadda aka daɗe ana jingina ta ga takardun paparomomin ƙarni na 15.

3. Sunaye

Hausawan da suka kalli finafinan kaboyi sukan kira waɗannan mutane Indiyawan daji. Sunan yana ɗauke da kuskure biyu. Na farko na Kolumbus ne, wanda ya zaci ya isa yankin Indiya. Na biyu kuwa na masu shirya finafinai ne, waɗanda suka nuna su kullum bisa dawakai suna ihu a bayan gari, alhali da yawa daga cikinsu manoma ne masu garuruwa. Gaskiya ne har yanzu dokokin Amurka suna amfani da sunan da Kolumbus ya bari, kuma wasu 'yan asali suna kiran kansu da shi, amma akasari sun fi son a ambaci kowace al'umma da nata suna.

Dalili shi ne ba al'umma ɗaya ba ce. Lokacin zuwan Turawa akwai harsuna kimanin 300 a arewacin Meziko, cikin dangogi masu yawa. Harshen Nabaho da na Ceroki ba dangi ɗaya ba ne, kamar yadda Hausa da Yarbanci ba dangi ɗaya ba ne. Gwamnatin tarayyar Amurka ta amince da al'ummomi fiye da 570, kowace da hukumarta. Har ila yau, sunayen da suka shahara a littattafai sau da yawa wasu ne suka raɗa. Nabaho suna kiran kansu Diné, watau mutane. Waɗanda Faransawa suka kira Iroquois sunansu Haudenosaunee, watau mutanen dogon gida. Waɗanda aka kira Delaware, da sunan wani basaraken Ingila, Lenape ne. Sunan Sioux kuwa daga bakin maƙwabtansu Ojibwe ya fito ya bi ta Faransanci, su dai Lakota da Dakota suke cewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa. Mu ma muna cewa Gwari ga mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, muna cewa Barebari ga Kanuri, Fulani kuma Fulɓe suke kiran kansu. Malamin da ya fara da waɗannan misalai zai ga ɗalibai sun gane nan take, har ma su lura cewa a wannan karo mu ne a matsayin masu raɗa suna.

Taswira ma shaida ce. Kusan rabin jihohin Amurka 50 sunayensu daga harsunan 'yan asali suke. Misisipi a harshen Ojibwe babban kogi ke nan. Oklahoma a harshen Choctaw jajayen mutane. Dakota kuwa aboki ko abokin ƙawance. Yaron da aka ba shi taswira aka ce ya nemo asalin sunayen, da kansa zai tambayi inda masu harsunan suka shiga.

4. Inda labari ke farawa da inda yake ƙarewa

Littattafan da aka saba da su sukan fara da jirgin ruwa, ko na 1492 ko na 1620. Abin da ya gabaci jirgin sai a tattara shi a shafi biyu. Hanyar da muke bayani a kai tana mai da farkon labari baya ƙwarai. A wajen shekarar 1100, zamanin da littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa, akwai wani birni kusa da kogin Misisipi wanda yanzu ake kira Cahokia, mai mutane tsakanin 10,000 da 20,000. Tudun ƙasa mafi girma da suka gina da hannu yana nan har yau, tsayinsa kusan mita 30. A kudu maso yamma, a kwarin Chaco, an yi ginin dutse mai ɗakuna fiye da 600. A arewa maso gabas, al'ummomi biyar na Haudenosaunee sun haɗa tarayya mai majalisar sarakuna 50, iyayen dangi mata ne ke zaɓensu, su ne kuma ke da ikon tuɓe su. A wajen 1722 Tuscarora suka shiga suka zama na shida.

Malami a ƙasar Hausa yana da wata ƙofa mai sauƙi ta shiga wannan zamani, ita ce gona. Masara, gyaɗa, rogo, dankali, tumatir, barkono da gwanda duka manoman nahiyar Amurka ne suka fara noma su, galibi a Meziko da Amurka ta Kudu. Sunan masara yana nuna Masar, watau hanyar da ta biyo, ya ɓoye inda ta fito. Haudenosaunee sukan shuka masara da wake da kabewa a rami ɗaya, wake ya hau karan masara, kabewa ta rufe ƙasa ta tsare laima. Ɗan manomin da ya saba haɗa gero da wake ba ya bukatar dogon bayani a kan hikimar wannan.

Idan aka zo labarin 1620, lokacin da Ingilishi suka sauka a Plymouth, abin da aka saba faɗa shi ne sun tarar da fili, wani ɗan asali mai jin Turanci ya koya musu noman masara, sa'an nan a kakar 1621 aka yi walima tare. Duka gaskiya ne, amma mutanen Wampanoag suna ƙara abubuwa uku. Na ɗaya, filin garinsu ne, Patuxet, wanda annobar 1616 zuwa 1619 ta share. Na biyu, mutumin nan Tisquantum ya iya Turanci ne domin wani kyaftin ɗin jirgi, Thomas Hunt, ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen don sayarwa. Da ya komo a 1619 bai tarar da kowa a garinsu ba. Na uku, sarkinsu Massasoit ya ƙulla amana da baƙin ne bisa lissafin siyasa, don annoba ta raunana shi gaban maƙwabtansa Narragansett. Ɗansa Metacom shi ne ya yaƙi 'ya'yan baƙin a 1675, aka kashe shi a 1676, aka kafa kansa a Plymouth, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi. Tun 1970 wasu 'yan asali suna taruwa a Plymouth ranar bikin godiya don zaman makoki.

Ƙarshen labari ma abin lura ne. A 2015 Sarah Shear da abokan aikinta suka bincika manhajojin jihohin Amurka duka, suka tarar kusan kashi 87 cikin 100 na abin da aka tanada game da 'yan asali ya tsaya ne kafin 1900. Yaro sai ya tashi da zaton sun ƙare. Lalle a ƙidayar 1900 yawansu ya faɗi zuwa wajen 237,000. Amma a ƙidayar 2020 mutum miliyan 3.7 suka ce su 'yan asali ne zalla, idan aka haɗa da masu ruwa biyu kuwa miliyan 9.7.

5. Fa'ilin da aka ɓoye

Hausa tana da lamiran an, aka da ana, waɗanda ke ba mai magana damar ambaton aiki ba tare da mai aikin ba. Suna da amfani wajen ladabi, amma a darasin tarihi suna iya zama labule. A dubi wannan jimla: an mai da Cerokawa yamma a 1838, da yawa suka mutu a hanya. Ba ƙarya a cikinta, sai dai ba kowa a cikinta. Aikin da ya kamata a ba ɗalibi shi ne ya cike gurbin fa'ili.

Ga abin da zai tarar. Cerokawa suna zaune a yankin Jojiya da kewayenta, da gonakinsu da kotunansu da tsarin mulkin da suka rubuta a 1827. Aka sami zinariya a ƙasarsu, jihar Jojiya ta shimfiɗa dokokinta a kansu. A 1830 Majalisar Tarayya ta zartar da dokar tayar da 'yan asali da ƙuri'u masu 'yar tazara, Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin Jojiya ba su da iko a ƙasar Ceroki, amma gwamnati ba ta tilasta hukuncin ba. A 1835 wasu 'yan tsiraru da ba su da izinin majalisar Ceroki suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota. Shugaban al'ummar, John Ross, ya kai ƙorafi mai ɗauke da sunaye fiye da 15,000. A 1838, zamanin Shugaba Martin Van Buren, Janar Winfield Scott ya zo da soja ya tara mutane a sansanoni. Kimanin 16,000 aka kora tafiyar kusan mil 1,000 zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma, kuma an ƙiyasta wajen 4,000 suka mutu a sansani da kan hanya.

Da zarar an cike gurbin, sai abubuwa biyu su bayyana. Na farko, abin da ya auku shawara ce da mutane masu suna suka yanke, wasu kuma suka ƙi, kamar ɗan majalisa Davy Crockett da ya jefa ƙuri'ar ƙin dokar, da mai wa'azi Samuel Worcester da Jojiya ta ɗaure. Na biyu, Cerokawa sun fito a matsayin fa'ili su ma: sun rubuta, sun kai ƙara, sun yi gardama a tsakaninsu. Haka za a yi da jimlar nan, ƙasarsu ta ragu. Dokar Dawes ta 1887 ce ta yanyanka ƙasar al'umma ta raba wa ɗaiɗaikun mutane, ta sayar wa baƙi abin da ta kira rara. Daga eka miliyan 138 a 1887 ƙasar 'yan asali ta koma eka miliyan 48 a 1934.

Zaɓen suna ga aukuwa ma hukunci ne. A watan Yuni na 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne suka ci sojan George Custer a bakin kogin Little Bighorn, soja fiye da 260 suka mutu, jaridu suka kira shi kisan kiyashi. A ranar 29 ga Disamba, 1890, soja suka kashe Lakotawa tsakanin 250 da 300 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara, rundunar soja ta kira shi yaƙi, ta ba kimanin mutum 20 lambar jaruntaka mafi girma. A ba ɗalibai adadin da bayanin waɗanda suka mutu a wuraren biyu, a ɓoye sunayen, a ce su raɗa.

6. Shaidu

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma malami zai tambaya, ina za a sami bakin mai ɗakin? Shaidun iri huɗu ne.

Na farko, yarjejeniyoyi. Daga 1778 zuwa 1871 Amurka ta tabbatar da kimanin 370 da al'ummomin 'yan asali, tsarin mulkinta kuma ya sa yarjejeniya cikin dokoki mafi ɗaukaka. Ta Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Lakota duwatsun Black Hills. A 1874 aka ga zinariya a can, a 1877 Majalisa ta karɓe su. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce an karɓe su ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar dala miliyan 100 da 'yan kai. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin ya yi ta haihuwa a asusun gwamnati har ya haura dala biliyan ɗaya. A 2020 ma kotun ta dogara da yarjejeniyoyin ƙarni na 19 ta ce ƙasar Muscogee a Oklahoma ba a taɓa soke ta ba.

Na biyu, rubutunsu na kansu. A 1821 Sequoyah, wanda bai iya karatun kowane harshe ba, ya kammala ƙirƙiro wa Ceroki rubutu mai alamomi 85, kowace tana wakiltar gaɓa. A 1828 suka fara buga jarida da harshensu da Turanci, shekara 111 kafin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Na uku, zane. Lakota suna da lissafin hunturu, inda mai riƙe da tarihi ke zana hoto ɗaya a kan fata don tunawa da babban abin da ya auku a kowace shekara. Fatu da dama sun nuna shekarar da taurari suka yi ta zuba, masana taurari kuwa sun san an yi haka a watan Nuwamba na 1833, saboda haka aka iya daidaita sauran shekarun da kalandar Turawa. A 1881 wani da ya halarci yaƙin Little Bighorn, Red Horse, ya zana hotuna 42 na abin da ya gani.

Na huɗu, labarin baka. Al'ummomin gaɓar tekun Fasifik, a jihar Washington da tsibirin Vancouver, sun riƙe labarin wani dare na hunturu da ƙasa ta girgiza, teku ta haɗiye ƙauyuka. A 1996 masana suka haɗa shaidar ƙasa da rubutun Japanawa game da wata ambaliyar teku, suka tsai da cewa girgizar ta auku a daren 26 ga Janairu, 1700. Wannan ba ya nufin a karɓi kowane labarin baka ido rufe. Ana auna shi kamar yadda muke auna labarin Bayajida, kuma da ma'aunin nan ɗaya za a auna rahoton hafsan soja.

7. Makaranta da harshe

Akwai babi guda da ya shafi malamai kai tsaye, domin a cikinsa makaranta ce makami. A 1879 Richard Henry Pratt ya buɗe makarantar kwana ta Carlisle a jihar Pennsylvania, bisa ra'ayin cewa sai an kashe ɗan asalin da ke cikin yaro kafin a ceci mutumin. Akan aske gashin yara, a sauya musu suna da tufafi, a hore su idan suka yi harshen iyayensu. Binciken da ma'aikatar cikin gida ta yi a ƙarƙashin Deb Haaland, 'yar al'ummar Laguna Pueblo, ya ƙirga a rahotonsa na 2024 makarantu 417 tsakanin 1819 da 1969, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Joe Biden ya nemi gafara a madadin gwamnati.

Abin mamaki, a 1942 rundunar Amurka ta ɗauki samarin Nabaho, da yawansu tsofaffin ɗaliban irin waɗannan makarantu, suka shirya lambobin sirri da harshensu, Japanawa kuwa ba su iya warware su ba har yaƙi ya ƙare. A 1990 aka yi dokar kare harsunan 'yan asali. Harshen Wampanoag, wanda ya shekara fiye da 100 ba mai magana da shi, Jessie Little Doe Baird ta fara farfaɗo da shi a 1993, ta dogara da fassarar Baibul ta 1663 da wasiƙu da takardun filaye da kakanninta suka rubuta, ta kuma yi digirin ilimin harshe don aikin. Yau akwai yara masu koyonsa.

8. Masu goyon baya da masu suka

Jihar Wisconsin ta wajabta koyar da tarihin 'yan asalinta a 1989, Maine a 2001, Washington a 2015, Oregon a 2017. Montana ta sa alkawarin kiyaye al'adunsu a tsarin mulkinta na 1972, ta yi dokar aiwatarwa a 1999, sa'an nan ta ware kuɗi a 2005. Abin koyi a tsarinta shi ne darasin na kowane yaro ne, kuma da shawarar al'ummomin jihar aka shirya shi. A fannin littattafai, tarihin Amurka ta fuskar 'yan asali da Roxanne Dunbar-Ortiz ta wallafa a 2014, Jean Mendoza da Debbie Reese sun sauƙaƙa shi don matasa a 2019.

Masu suka suna cewa wannan hanya tana musanya son kai da wani son kan, tana mai da wasu tsarkaka wasu miyagu. Sukar tana da ƙarfi idan malami ya yi sakaci, maganinta kuwa shi ne a faɗi komai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu arzikin Ceroki sun mallaki bayi baƙar fata, sun kuma tafi da su yamma. Mutanen Crow da Arikara sun yi wa Custer jagora, domin Lakota sun matsa musu a ƙasarsu. Elias Boudinot, editan farko na jaridar Ceroki, yana cikin waɗanda suka sa hannu a New Echota, 'yan'uwansa suka kashe shi a 1839 saboda haka. Waɗannan abubuwa suna nuna su mutane ne masu siyasa da saɓani, kuma nuna haka shi ne ainihin abin da hanyar take nema.

9. Shawara ga malamai

Ga yara ƙanana, a fara da abin da ke raye: taswira, amfanin gona, sunan al'umma ɗaya da inda take zaune yau. Labarin kisa da makarantun kwana a jinkirta shi sai hankali ya kawo. Ga ɗaliban kwaleji, a zaɓi aukuwa guda, a kawo shaidu biyu, a sa su fassara kowanne da Hausa. Fassarar za ta tilasta musu zaɓi tsakanin zo da je, tsakanin aka da sunan mai aiki, tsakanin yaƙi da kisa, kuma a wajen kare zaɓin ne darasin tarihi zai shiga. A guji wasan kwaikwayon da za a sa wa yara gashin tsuntsu a ka, domin a wurin masu abin alamar girma ce da ake samu ta hanyar cancanta.

Amfanin wannan horo ba zai tsaya a kan Amurka ba. Ɗalibin da ya saba tambayar wa ya zo, wa aka tarar, wa ya raɗa suna, wa aka ɓoye a bayan aka, zai kawo tambayoyin nan gida. Zai yi su a kan rahotannin 1903, inda kakanninsa ne aka tarar, zai kuma yi su a kan littattafan tarihin sarakunanmu, inda Maguzawa da Gbagyi da bayin rinji suke jiran a ji bakinsu. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji ɓangare biyu, malamin tarihi kuwa alƙalai yake horarwa.